Gwiwar Hosea

Shafi na 19

Ga waɗanda suka shigo mana yau, bari a sake gabatar da mutanen gidan a taƙaice.

Gidan Koci Ɗanburam yana unguwar Gwadabawa a Jimeta. Shi da matarsa Khadijah Allah bai ba su haihuwa ba. A shekarar da mutane suka kwararo Yola suna gudun 'yan bindiga, ya je wata makaranta da aka mayar sansani don ya kai tabarmi, sai ya dawo da yara biyu 'yan Michika: Hosea mai shekara goma sha biyu, da ƙanwarsa Rebeka da ko yaye ba a gama yi mata ba. Iyayensu har yau babu labari. Yaran suna ce masa Bappa, suna ce wa matarsa Dada, Rebeka kuma tana ce wa yayanta Hamma. Ranar Lahadi shi yake sauke su a ƙofar coci kafin ya wuce fili.

Shekara goma ke nan. Hosea ya zama mai raba ƙwallo a Njuwa Stars, kulob ɗin ƙwallon kwando da Koci yake horarwa. Kulob ɗin yana da gudu, yana da hannu, amma ba shi da dogo. Bara a wasan ƙarshe na hawa babbar gasa, ƙwallo ta daki ƙarfen kwando sau huɗu cikin minti ɗaya, sau huɗu dogon abokan karawarsu yana miƙa hannu ya ɗauke ta ta saman kawunansu. Alhaji Umair, ciyaman da ke riƙe da kulob, ya ce bana ce ta ƙarshe, in ba su hau ba zai rufe.

Sunayen 'yan wasa goma sha biyu kawai ake karɓa, kuma yau Litinin ƙarfe huɗu ake rufe rajista. Wani kulob na Jos ya ce zai ba su dogonsa, Zadok, su kuma su ba shi Hosea.

*

Da hantsi Rebeka ta shiga ɗakin yayanta da ke kusa da zaure, ɗauke da robar ruwan zafi da tawul. Wata uku ke nan wannan ne aikinta, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa a waje ba.

"Kin sa gishiri?" in ji Hosea.

"Na sa."

"Na jiya kamar miya kika haɗa min. Saura daddawa."

"To ka riƙa haɗawa da kanka."

Ya miƙe ƙafar hagu a kan tabarma. Gwiwar ta kumbura ta gefe, kamar an cusa ƙwai a ƙarƙashin fata. Ta matse tawul ta ɗora. Ya ja iska ta haƙora.

"Hamma."

"Na'am."

"Jos awa nawa ne?"

"In mota mai kyau ce, tara. In motar kulob ce, kwana biyu da turi."

Ba ta yi dariya ba.

"A ɗakin 'yan wasan akwai wurin ƙanne?"

"Ƙartai goma sha biyar ne da warin takalmi. Ko an ba ki ba za ki zauna ba."

"Zan zauna."

"Makarantarki fa in an koma hutu? Dada fa? Wa zai riƙa cinye mata ƙanzo?"

Ta sake tsoma tawul a ruwa, ta daɗe tana matsewa.

"To wa zai riƙa gasa maka ƙafa?"

"Suna da mai yi, aikinsa ke nan. Kuma filinsu na katako ne, Beki, ba siminti irin namu ba. In mutum ya dira, ƙasa tana tausaya masa."

"Sun san da ciwon?"

Ya ɗago ya dube ta.

"Za su sani bayan na sa hannu. Lokacin na zama nasu, dole su kula da ni."

"In kuma suka kore ka a can?"

"Wannan ba lissafinki ba ne. Baƙo zai zo cin abincin rana. Ki gaishe shi, ki zuba masa ruwa, ki kama bakinki. Kin ji?"

"Na ji."

*

A ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida Koci Ɗanburam ya kifa babban farantin Dada, ya jera marafan kwalba a bayansa. Haka yake aikinsa tun Rebeka ba ta da wayo. Kowane marfi da lambar ɗan wasa a cikinsa. Sai ya tura wannan, ya janye wancan, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai bita.

Rebeka tana shimfiɗa tabarmin baƙi a gefensa Alhaji Umair ya yi sallama ya shigo, da takardar rajista a cikin leda.

"Har yanzu kana wasan yara da marafan nan, Koci?"

"Su ba sa katse min magana, Alhaji. Bismillah, zauna."

Alhaji ya zauna yana fifita da hularsa. Rana ta riga ta fara cizo.

"Duba nan," in ji Koci. Ya ɗauke marfi mai lamba huɗu, lambar Hosea, ya ajiye a gefe. Ya ɗauko wani babba na kwalbar magani ya dasa a ƙarƙashin inda ya zana kwando. "Ga Zadok. Mun samu sama. Duk wadda ta daki ƙarfe tamu ce. To wa zai kawo ta daga can baya ta iso hannunsa?"

"Othniel."

"Othniel shekararsa sha tara. In mutum biyu suka rufe shi a tsakiyar fili, idonsa ƙasa yake komawa. Wasanmu na Gombe sau bakwai aka ƙwace a hannunsa."

"Zai koya."

"Zai koya, amma ba cikin sati uku ba."

"To riƙe Hosea, ka manta da Zadok."

Koci ya mayar da lamba huɗu, ya cire babban marfin.

"Sai mu koma bara. Mu yi ta gudu, mu jefa. In ta shiga, lafiya. In ba ta shiga ba mu tsaya muna kallon sama."

"Ka gani. Kai da kanka ka ba kanka amsa."

"Ban ba da ba. Kwana shida ina juya su. Duk yadda na ajiye sai wani wuri ya buɗe."

Alhaji ya ciro takardar daga leda ya shimfiɗa a kan gwiwarsa. Sunaye goma sha biyu ne a jere, Koci ya rubuta su tun makon jiya. Layi ɗaya kawai za a soke a sa wani.

Koci ya rage murya, amma bai kai yadda Rebeka ba za ta ji ba.

"Hoton asibiti fa?"

"Yana cikin littafinka. Ya ci gaba da zama a can."

"Alhaji, Absalom ne fa zai zo daga kulob ɗin Jos. Tare muka buga. Shekara shida muna kwana ɗaki ɗaya in an je gasa. Ranar bikina shi ya tuƙa motar amarya."

"Ban ce ka yi masa ƙarya ba. In ya tambaya, ka amsa. In bai tambaya ba, ka ci tuwonka."

"Likita cewa ya yi in yaron nan ya ƙara shekara ɗaya a kan siminti, da sanda zai ƙare."

"Shi ya sa nake so ya tafi inda ake da katako. Ni mugu ne? Mutum goma sha ɗaya nake dubawa, kowa da bakin da yake ciyarwa. In kulob ya rufe ina za su? Kuma shi da kansa ya ce yana so."

Koci ya mayar da idonsa kan farantin.

Rebeka ta gama shimfiɗa, amma ta ci gaba da gyara bakin tabarmar da ba ta karkace ba. Ta san Bappa. A fili in an ci su da maki goma ya kira 'yan wasa gefe, kalma uku yake faɗa su koma su farke. A gida in ita da Hamma sun yi faɗa, kafin ya gama cire takalmi ya raba gardamar. Jira take ya ce a'a.

Ya daɗe yana juya lamba huɗu a tsakanin yatsunsa.

"Bari baƙon ya zo," abin da ya ce ke nan.

*

Ana gab da kiran azahar keke ya sauke Mista Absalom, manajan kulob ɗin Jos. Dogo ne mai furfura, sai da ya sunkuya kafin ya wuce ƙofar zaure.

"Ɗan Fulani, har yanzu kana nan kamar sandar kiwo?" ya ce wa Koci.

"Kai kuma yaushe rabonka da ganin takalminka? Tumbi ya tare hanya."

Suka rungume juna suna bubbuga baya. Absalom ya leƙa ta ƙofar kicin ya gaida Dada, ya ce amarya ba ta tsufa, ango ne kawai ya lalace. Dada ta ce masa shi ma ai ba a gyara shi ba.

Da aka kira salla Koci da Alhaji suka fita masallacin ƙofar gida. Hosea ya tafi bakin titi sayo ƙanƙara. A gidan nan ƙaramin gida ne yake zuba wa baƙo ruwan wanke hannu, don haka Rebeka ta ɗauko buta da tasa ta durƙusa a gabansa.

"Ke ce Rebeka? Yayanki ya ce min kin fi shi lissafi."

"Kowa ma ya fi shi."

Ya yi dariya har kafaɗunsa suna rawa.

"Kina so ya zo wajenmu?"

Ta ci gaba da zuba ruwa.

"Za mu kula da shi, 'yata. Kirsimeti zai dawo miki da buhun dankali."

"Baba."

"Ina ji."

"In ɗan wasa yana da ciwo, kuna ɗaukarsa?"

Hannuwansa suka tsaya a cikin ruwan.

"Ya danganta da ciwon."

"In gwiwa ce?"

"Wace gwiwa?"

"Ta hagu."

A ranta lissafin gajere ne. In suka ji, za su ce ba sa so. In suka ce ba sa so, Bappa zai mayar da lamba huɗu wurinsa, Hamma ya ci gaba da kwana a ɗakinsa, ita ta ci gaba da kai masa ruwan zafi. Iyakar inda hankalinta ya kai ke nan.

"Tun yaushe?" in ji Absalom.

"Wata uku nake gasa masa. Don Allah kada ka ce ni na faɗa."

Ya karɓi tawul ya goge hannunsa a hankali, yatsa bayan yatsa.

"Ba zan ce ba."

*

Tuwon shinkafa ne da miyar gyaɗa da ɗanyen kifin Njuwa. Absalom da aka san shi da cin malmala uku, ɗaya ya ci ya ce ya ƙoshi. Rebeka tana zaune a bakin ƙofar kicin kusa da Dada, tana jiran a gama ta kwashe kwanuka.

Alhaji ya duba agogo.

"Uku saura kwata. Mista Absalom, ga takardarmu, ina taka? A sa hannu a ɗauki hoto a tura."

"Tana nan," in ji Absalom. Bai taɓa jakarsa ba. "Hosea, ɗan tashi."

Hosea ya miƙe yana murmushi.

"Ɗaga ƙafar hagu. Tsaya a kan ta dama, ka sauka ƙasa ka taso."

Ya sauka ya taso sau uku kamar ba komai.

"Madalla. Yanzu ta hagu."

"Mista Absalom," in ji Alhaji, "yaro ya cika cikinsa da tuwo, wane irin gwaji ne a kan tabarma?"

"Minti ɗaya ne, Alhaji."

Hosea ya dubi Koci. Koci yana kallon kwanon gabansa.

Ya ɗaga ƙafar dama. Ya sauka, ya taso. Murmushin yana nan, amma jijiyar wuyansa ta fito.

"Ƙara."

Ya sauka. Gwiwar ta fara rawa. Ya taso da ƙyar, gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"Ƙara ɗaya."

"Ya isa," in ji Koci a hankali.

Amma Hosea ya riga ya fara sauka. Yana kaiwa rabi ƙafar ta lanƙwashe ta ciki, ya tafi gefe, hannunsa ya bugi kwanon miya. Rebeka ta zabura za ta tashi, Dada ta riƙe mata hannu.

Miya tana bin saƙar tabarma.

Absalom ya matsa ya naɗe masa ƙafar wando. Ya danna gefen gwiwar da babban yatsa, ya juya ta kaɗan. Hosea ya cije leɓe.

"Akwai hoto?"

Koci ya buɗe littafinsa ya zaro ambulan ya miƙa masa. Absalom ya ɗaga hoton ta wajen rana, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya sauke, ya dubi abokinsa.

"Ɗanburam. Ni za ka yi wa shiru?"

"Da ka tambaya da na faɗa."

"Da ban tambaya ba fa?"

Koci ya shafa fuskarsa da hannu biyu.

"Ban sani ba, Absalom. Wallahi ban sani ba. Tun safe nake neman amsar."

"Da ka bar ni na kai shi gaban masu kulob ɗina, sati biyu likitanmu ya gano. Ka san abin da za su yi? Su sallame shi a tsakiyar gasa, rajista a rufe ko'ina, ni kuma su bi ni da shi."

"Ni na ce a yi shiru," in ji Alhaji. "Kada ka ɗora masa."

"Ni ma na ce," in ji Hosea daga inda yake zaune a ƙasa. "Baba, zan iya. A katako zan iya. Ka ba ni wata biyu da mai gashinku."

"Ɗana, wannan ba ta gashi ba ce." Absalom ya sake ɗaga hoton. "Kuma ba ciwon wata uku ba ne. Akwai tsohon abu a ƙasa, ƙashin ya warke a karkace. Ba a fili ka same shi ba. Yaushe?"

"Tun ina yaro."

"Garin yaya?"

Koci ne ya amsa, idonsa a ƙasa.

"Ranar da suka gudo. A kan dutse suka kwana biyu, da suna saukowa aka fara harbi a bayansu. Ya zame daga kan wani falalen dutse. Yana da goyo a baya. Da ya tafi ta baya, a kan goyon zai faɗa, sai ya juya ya ba dutsen gwiwa. A haka ya taka har inda mota ta ɗauke su. Da na same shi a sansani ƙafar ta kai girman turmi."

Rebeka ta ji hannun Dada ya ƙara matse nata. Ba wanda ya taɓa gaya mata wannan. Abin da ta sani kawai shi ne Hamma ya goyo ta. In ta tambaye shi, sai ya ce nauyinta kamar buhun masara, ya yi dariya, ya canja magana.

Absalom ya mayar da hoton cikin ambulan.

"Ba zan iya ɗaukarsa ba. Ku yi haƙuri."

"Shi ke nan mun rasa Zadok," in ji Alhaji.

"Ba ku rasa ba. Dogaye uku gare mu, Zadok a benci yake tsufa. Zan ba ku aronsa na shekara ɗaya, ba sai kun ba ni kowa ba. Ba don kai ba, Ɗanburam, har yanzu ina jin haushinka. Don tuwon Khadijah."

Rebeka ta saki numfashi. Ga dogo ya samu, ga Hamma bai tafi ba. Ta dubi Dada tana neman ta ga farin ciki a fuskarta, ba ta gani ba.

Alhaji ya jawo takardar rajista ya ajiye a gaban Koci, ya ɗora biro a kai.

"Mun gode, Mista Absalom. To Koci, layi sha biyu ne. A ina Zadok zai zauna?"

Koci ya ɗauki biron, ya bi sunayen da bakinsa daga ƙasa.

"Philemon."

"Philemon ne kaɗai mai ɗan tsawo bayan Zadok. In aka fitar da Zadok da laifi biyar, wa zai shiga? Ni?"

Biron ya hau sama.

"Sha ɗaya."

"Shi kaɗai ke jefawa daga nesa ta shiga. Kai ka faɗa min da bakinka."

"Tara."

"Tara ne ke tsare mana gwanin kowane kulob. Koci, kada mu ɓata lokaci. Ka san layin."

"Ba ni da mai raba ƙwallo in ba shi ba."

"Kana da Othniel."

"Na gaya maka Othniel bai nuna ba."

"Bai nuna ba, amma ƙafarsa biyu." Alhaji ya sassauta murya. "Da yana tafiya Jos, da na ce ya tafi inda za a lallaɓa shi. Yanzu babu Jos. Simintinmu ne kawai. Za ka sa shi a kai wasa ashirin, bayan abin da likita ya ce? In ka yarda ka ga ɗanka da sanda, rubuta, ni zan sa hannu a ƙasa."

Koci ya juya wajen Absalom kamar mai neman a ba shi wata hanya.

"Ni ba zan kai maganar ko'ina ba," in ji Absalom. "Amma ba ta ɓoyuwa. Duk kocin da ya san aikinsa, kafin a je hutun rabin lokaci ya gano, ya ce wa yaransa su riƙa bi ta hagunsa. A yi masa aiki. Shekara ɗaya, wataƙila biyu, sannan a gani."

"A gani," in ji Hosea. "Shekarata ashirin da biyu, Baba. Bayan biyu wa zai tuna da ni?"



"Uku da kwata," in ji Alhaji.

Biron yana hannun Koci, bakinsa a saman layi na huɗu, bai taɓa takardar ba.

Hosea ya dafa darbejiya ya miƙe. Ya sauke ƙafar wandonsa.

"Baba Absalom, wa ya gaya maka?"

"Idona."

"Ban yi ɗingishi a gabanka ba. Tun da ka sauka daga keke nake ƙirga takuna. Kuma kai tsaye ka ce hagu."

"Na fara da dama."

"Ka fara da dama don kada a gane. Wa ya gaya maka?"

Absalom ya ɗauki kofin ruwa ya sha. Bai dubi wajen kicin ba ko sau ɗaya.

Hosea ya juya.

"Bappa, kai ne?"

Koci ya ɗago. Idonsa ya wuce ta kan Hosea, ya sauka a bakin ƙofar kicin, ya dawo da sauri.

"Ni ne."

"Yaushe? Tun da ya zo ina tare da ku, sai da kuka tafi masallaci."

"Na ce ni ne, Hosea. Da ni za ka yi fushi."

"Ba shi ba ne."

Muryar ta fito ƙarama, har Rebeka ba ta tabbata tata ba ce sai da kowa ya juyo. Ta zare hannunta daga na Dada ta miƙe.

"Ba Bappa ba ne. Ni ce. Da ina zuba masa ruwa."

Hosea ya tsaya yana kallonta. Ta so ya yi ihu, ko ya ɗauko takalmi ya jefe ta kamar yadda yake yi in ta taɓa masa waya. Bai yi ko ɗaya ba.

"Beki."

"Ba na so ka tafi." Hawaye ya fara zubo mata. "Na ɗauka in suka ƙi ka, za ka zauna kawai. Kamar da. Ban san sha biyu ne kawai... na sani, amma ban..."

"Na ce ki kama bakinki."

"Ka yi haƙuri, Hamma. Ban san a kaina ka faɗi ba."

"Wannan ba laifinki ba ne. Lokacin ko magana ba ki iya ba."

Ya tako zuwa gaban Koci, ya sunkuya da ƙyar, ya kama biron.

"Hosea, bari," in ji Koci. "Akwai sauran lokaci. Bari in sake dubawa."

"Kwana shida kana dubawa, Bappa. Ba za ka iya ba, na sani. Sake min."

Koci bai sake ba, amma bai riƙe da ƙarfi ba. Hosea ya zare biron, ya ja layi ɗaya a kan sunansa, a miƙe, daga farko har ƙarshe. Ya miƙa wa Alhaji.

"Ku ce wa Othniel ya daina kallon ƙasa."

Ya nufi zaure. Wannan karon bai ɓoye ɗingishin ba. A bakin ƙofa ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Ga shi ban tafi Jos ba, Beki."

"Hosea, ina za ka cikin ranar nan?" in ji Dada. "Dawo ka zauna."

Ƙofar gida ta buɗe ta rufe.

Rebeka ta dubi Bappa, ta dubi Alhaji, ta dubi baƙon, manya uku, ba wanda ya tashi ya bi shi, don ba wanda yake da abin da zai gaya masa. A nan ta gane cewa ta samu abin da take so, yayanta zai zauna a Jimeta. Ta kuma gane cewa ba zai buga ƙwallo ba, kuma ita ce ta jawo.